Amsoshin tambayoyinku kan kai iyali kallon namun daji da wuraren da aka tono ƙasusuwan mutanen farko

Wani magidanci daga Kano ya rubuto cewa: "Ina so in kai maiɗakina da yaranmu huɗu, daga ɗan shekara 7 zuwa mai shekara 15, ƙasar Tanzaniya su ga namun daji, su kuma ziyarci Olduvai da babbarsu ta karanta a makaranta. Kamfanoni biyu sun aiko mini da tsari. Na farko ya fi tsada, a ƙaramin jirgi za a riƙa ɗaukarmu daga masauki zuwa masauki. Na biyu ya haɗa mota da jirgi, masaukansa kuma ba su kai na farko ƙayatuwa ba. Wanne zan ɗauka, kuma a wane hutu ya kamata mu tafi?"

Alhaji, kafin ka dubi hotunan ɗakunan kwana, buɗe taswira ka duba inda Olduvai yake. Kwazazzabo ne mai tsawon kusan kilomita 48 a cikin yankin Ngorongoro, a gefen hanyar mota da ta sauko daga bakin ramin Ngorongoro, wato ƙaton ramin wani tsohon dutse mai aman wuta, ta nufi filayen Serengeti. Wanda ya tashi a jirgi daga filin Manyara zuwa tsakiyar Serengeti ta samansa zai wuce, kuma komai tsadar tsarin da ya biya, yaransa ba za su taka wurin ba. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kamfanin farko ita ce ranar da suka ware wa Olduvai da kuma awa nawa za ku yi a can. Idan suka amsa da cewa ana iya shiryawa in an isa, to ba ya cikin abin da kake shirin biya. Ni dai da tsari na biyu zan fara ciniki, in bar jirgi sai ranar dawowa daga Serengeti zuwa Arusha, lokacin da gajiya ta riga ta kama yara.

Ya kamata kuma ka san abin da za ku tarar, don kada yaran su sa ran ganin ƙasusuwa warwatse a ƙasa. Akwai gidan adana kayan tarihi a bakin kwazazzabon wanda aka sabunta a 2017, da wurin zama inda ma'aikaci ke yin bayani ana kallon bangon kwarin. Wannan bango shi ne darasin gaba ɗaya, domin ƙasar a jere take hawa kan hawa, wadda ta fi daɗewa tana ƙasa, kuma a tsakaninsu akwai tokar duwatsu masu aman wuta da masana ke auna shekarunta. Masanin nan Louis Leakey ya fara bincike a wurin a 1931, amma sai a watan Yulin 1959 matarsa Mary Leakey ta ci karo da ƙoƙon kan da ya fitar da sunan Olduvai a duniya, wanda daga baya aka ƙiyasta shekarunsa da kusan miliyan 1 da dubu 750. Labarin shekara 28 da aka yi ana tsintar duwatsun sassaƙa, wato kayan aikin da mutanen farko suka yi da dutse, kafin a samu wannan ƙoƙon kai ya fi shiga kunnen yaro fiye da jerin sunayen Latin. Za kuma su ga kwafin sawun ƙafa na Laetoli, wanda tawagar Mary Leakey ta gano a 1978 kimanin kilomita 45 kudu da nan, inda wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu suka taka toka mai laima shekaru miliyan 3 da dubu 600 da suka wuce, tokar ta bushe ta riƙe sawun. An sake binne sawun na ainihi don kare shi, don haka kada wani ya karɓi ƙarin kuɗinka da alkawarin kai ku ku gan shi da idonku.

Yawancin motocin yawon buɗe ido tsayuwar ƙasa da awa ɗaya suke yi a nan su wuce. Ka nemi a rubuta muku rabin yini, tare da izinin sauka cikin kwarin da ma'aikacin wurin zuwa inda aka samu ƙoƙon kan, sannan a biya da ku tulin baƙin yashin nan da ke kusa, wanda iska ke turawa a hankali kowace shekara ba tare da ya watse ba.

Inda nake ganin ya dace kuɗinka ya tafi shi ne shatar mota ta ku kaɗai da ƙwararren jagora. Ku shida kun cika mota ɗaya, kuma idan taku ce, ku ke da ikon tsayawa salla, ku koma masauki idan ƙaramin ya gaji, ko ku daɗe a gaban zakanya da 'ya'yanta ba tare da wani baƙo yana duban agogo ba. Ka tambayi sunan jagoran da za a ba ku da shekarun da ya yi yana aiki da iyalai, domin jagoran da ya san sawun damisa ba lallai ne ya iya bayanin duwatsun sassaƙa ba. Masaukan alfarma a Serengeti sukan haura dala 1,000 ga mutum ɗaya a kowane dare a lokacin cunkoso, alhali kuwa ɗakin ba ya ganinku daga asuba sai la'asar. Rage daraja ɗaya a masauki yakan biya shatar motar har a samu ragowa.

Batun lokaci kuwa, garken nyumbu, wata dabba mai ƙirar saniya da yawanta ya haura miliyan 1, yana zagaye ne da jakunan dawa bisa ga ruwan sama. A dogon hutunmu na watan Agusta suna can arewacin Serengeti suna tsallaka kogin Mara, nesa ƙwarai da Olduvai. Daga Disamba zuwa Maris kuwa suna gangarowa filayen Ndutu a kudu, inda suke haihuwa musamman a watan Fabrairu, kuma Ndutu maƙwabcin Olduvai ne. Hutun Disamba ya fi dacewa da abin da kake so ka haɗa, sai dai makon Kirsimeti da sabuwar shekara farashi yana kai ƙololuwa. Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi, kaya suna araha amma hanyoyi suna caɓewa, wasu sansanonin ma rufewa suke yi. Ku ɗauki rigunan sanyi ko a wane wata ne, saboda bakin ramin Ngorongoro ya haura mita 2,000 a sama da teku, sanyin asubarsa ba wasa ba ne.

Kada ka biya kafin alƙalami sai an rubuto maka ko kuɗin shiga gandun daji na cikin farashin, domin ana lissafa shi ne kan kowane mutum a kowace awa 24, ban da kuɗin sauka cikin ramin Ngorongoro da ake ɗora wa kowace mota. Ka duba ko kamfanin na cikin ƙungiyar masu shirya yawon buɗe ido ta Tanzaniya da ake kira TATO. Bizar Tanzaniya ga mai fasfon Najeriya tana buƙatar amincewa tun kafin a tashi, don haka a nema da watanni biyu a gaba, kuma kowa ya riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Ƙananan jiragen daji kilo 15 suka yarda wa mutum, a jaka mai laushi, abin da ya kamata Hajiya ta ji tun ba a fara haɗa kaya ba.

Wata uwa daga Abuja ta tambaya: "Yarana biyu ne, 'yar shekara 4 da ɗan shekara 6, kuma mahaifiyata za ta bi mu, ƙafafunta ba sa son doguwar tafiya. Tanzaniya ko Afirka ta Kudu?"

Hajiya, Afirka ta Kudu ta fi muku. Hanyoyin cikin Ngorongoro da Serengeti ba su da kwalta, ana shafe awanni ana jijjiga cikin ƙura, kuma sansanoni da yawa ba su da shinge, shi ya sa ba sa karɓar yara ƙasa da wasu shekaru. A Afirka ta Kudu kuwa, yankin da ake kira Cradle of Humankind, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, bai wuce tafiyar kusan awa ɗaya daga Johannesburg a kan kwalta ba. A can ne, a kogon Sterkfontein, Robert Broom ya samu ƙoƙon kan da aka yi wa laƙabi da Mrs Ples a 1947, kuma a wani kogo na kusa aka gano tarin ƙasusuwan wani jinsin mutanen farko da ake kira Homo naledi a 2013. Cibiyar baƙi ta Maropeng an gina ta ne da yara a zuciya, akwai abubuwan taɓawa da ɗan kwalekwale da ake shiga a ƙarƙashin gini. Kogon Sterkfontein kansa yana da matakala da yawa da wuraren da sai an sunkuya, don haka a bar Mama ta huta a cibiyar, kuma ki tabbatar kogon a buɗe yake a ranar da za ku je, domin ambaliya ta taɓa sa an rufe shi na tsawon lokaci.

Daga nan sai gandun Pilanesberg, tafiyar awa biyu da 'yan kai, ko Madikwe da ke kan iyakar Botswana idan kina son inda ba cunkoso. Dukansu akwai zaki, giwa, karkanda, ɓauna da damisa, kuma ba yankin zazzaɓin cizon sauro ba ne. Ba za ku ga garken da ya cika fili har iyakar gani kamar na Serengeti ba, amma 'yar shekara 4 giwa ɗaya a kusa da mota ta ishe ta labari. Ki tambayi masaukin a rubuce ko suna barin mai shekarunta ta hau motar kallo, domin wasu suna karɓar yaro ya kwana amma su hana shi fita daji.

Wani malamin makaranta daga Damagaram ya rubuto: "Ina da halin tafiyar, amma ina shakkar biyan kuɗi a gaya wa 'ya'yana abin da ya saɓa wa abin da muka sani game da Annabi Adamu. Ina kuma tunanin abinci."

Malam, gaskiyar magana ita ce bayanin da za a yi muku a waɗannan wurare na masana kimiyya ne, kuma a mahangarsu ɗan Adam na yau ya samo asali ne a hankali daga halittun da suka gabace shi a Afirka. Haka aka rubuta a bangon gidajen tarihin, haka kuma jagora zai faɗa, ba kuma daidai ba ne ka biya shi don ya canza. Abin da ido zai gani shi ne ƙasusuwa, da duwatsun da hannu ya sassaƙa, da sawun ƙafa, da hawa-hawan ƙasa. Yadda za a daidaita fassarar masana da abin da iyali suka yi imani da shi aikin uba ne da malamansa, kuma ya fi kyau a yi wannan zama a gida kafin tafiya maimakon a tsakiyar jawabin jagora. Idan yaranka za su karanta kimiyyar halittu a sakandare ko jami'a, za su haɗu da batun ko ba jima ko ba daɗe, kuma a ganina gara su fara jin sa kana tsaye kusa da su. Batun ma bai yi nisa da ku ba, domin a hamadar Jurab ta arewacin Chadi ne aka samu ƙoƙon kan da aka yi wa laƙabi da Toumaï a 2001, wanda ake ƙiyasta wa kusan shekara miliyan 7. Idan duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, ka sayi tafiyar kallon dabbobi zalla, babu abin da za ta rage.

Abinci ba shi da wahala a Tanzaniya da Kenya, inda Musulmi ke da yawa, amma masaukan daji daga gari ake kawo musu kaya, don haka a sanar da su buƙatar naman halal makonni kafin isowa. Farashin manyan masaukai sau da yawa ya haɗa da giya, saboda haka ka tambaya ko suna da farashin kwana da abinci kawai, don kada ka biya abin da ba za ka sha ba.

Wata mai karatu daga Kaduna ta ce an yi mata tayin ƙara kwana biyu zuwa tafkin Turkana da ke arewacin Kenya a kan tafiyarsu ta gandun dajin Masai Mara na ƙasar, da shatar jirgi, tana tambaya ko ya cancanci kuɗin.

Hajiya, sai dai idan akwai babban yaro a gidan da ya riga ya ƙwallafa rai a kan wannan ilimi. A yammacin tafkin ne mai binciken nan ɗan Kenya Kamoya Kimeu ya gano ƙwarangwal ɗin da ake kira yaron Turkana a 1984, mai kimanin shekara miliyan 1 da rabi, amma wurin hamada ce mai tsananin zafi da nisa, ƙwarangwal ɗin kuma yana Nairobi. Ku ware yini ɗaya a gidan tarihi na ƙasa da ke Nairobi, washegari ku gangara Olorgesailie a kan hanyar Magadi, kimanin kilomita 70 daga birnin, inda gatura na dutse ke zube da yawa a inda aka same su, ana bin wata gadar katako ana kallonsu. Idan kuma ta Adis Ababa jirginku zai biya, ku tsawaita zangon da kwana ɗaya ku shiga gidan tarihin Habasha ku ga kwafin ƙasusuwan wata halitta mai tafiya da ƙafa biyu da aka yi wa laƙabi da Lucy, wadda aka gano a yankin Hadar na ƙasar a 1974, bayan kun tabbatar da sharuɗɗan bizar fita daga filin jirgin.