Me ya sa depitenmu ba ya kawo dokar gyaran hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Depiten yankinmu, wato ɗan majalisar dokokin Kamaru mai wakiltarmu, ya yi mana alkawarin zai kai doka majalisa a gyara hanyar garinmu. Muna jin sa yana magana a Yawunde, amma har yau shiru. Yaudara ce, ko akwai abin da ke hana shi? Daga wani mai karatu a Garwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alkawarin ne tun farko ya fi ƙarfinsa, kuma bai kamata ya yi shi a haka ba.

Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ba shugaban ƙasa da 'yan majalisa duka ikon gabatar da ƙudurin doka. Sai dai sashe na 18 ya ɗaure wa depite hannu: duk ƙuduri ko gyaran da zai ƙara wa gwamnati kashe kuɗi, ko ya rage mata kuɗin shiga, ba a karɓarsa sai an nuna inda za a yanke wani kashi daidai da shi, ko inda sabon kuɗin zai fito. Hanya kuwa kuɗi ce. Masu duba wannan sharaɗi su ne taron shugabannin majalisa, wato shugaban majalisa da mataimakansa da shugabannin kwamitoci da na rukunonin jam'iyyu, da wakilin gwamnati a zaune. Su ke tsara abin da za a tattauna, kuma ƙudurorin gwamnati ake sa wa gaba. A nan ƙudurorin depitoci suka fi maƙalewa, tun kafin su ga zauren.

Ga kuma ƙarancin lokaci. Majalisa na zama sau 3 a shekara, a Maris da Yuni da Nuwamba, kowane zama bai wuce kwana 30 ba. Kasafin kuɗi a na Nuwamba ake kawo shi. Dokar kuɗin gwamnati ta 2018 ta ce a ajiye shi kwana 15 kafin a buɗe zaman, amma sau da yawa yakan iso a makare, sai ministoci su yi ta shiga kwamitin kuɗi ɗaya bayan ɗaya har cikin dare. Jawabin da kake ji a rediyo na zauren ne, bayan kwamiti ya gama. A lokacin an riga an rubuta sunan kowace hanya da kuɗinta.

To ina ƙarfinsa yake? Yana cikin watannin da suka gabaci Nuwamba. Dokar 2018 ɗin nan ta kawo muhawarar alkiblar kasafi a tsakiyar shekara, inda gwamnati ke bayyana abin da take shirin kashewa a shekaru 3 masu zuwa. Ba a kaɗa ƙuri'a a kanta, amma a nan maganar hanya ke da amfani, don ma'aikatu ba su rufe lissafinsu ba. Na biyu, kowane mako a lokacin zama ana ware zama ɗaya na tambayoyi ga ministoci, kuma akwai tambaya a rubuce. Depiten da ya tambayi ministan ayyuka da sunan hanya, tsawonta a kilomita, da shekarar da aka taɓa ware mata kuɗi, ya tilasta a ba shi amsa a bainar jama'a. Wanda ya ce kawai "Arewa na cikin wahala" zai samu amsa irin tambayarsa.

Abin da ke damun mu shi ne yadda depitocin Arewa ba sa amfani da yawansu. Jihohin Arewa uku na da kujeru 51 cikin 180: Arewa Mai Nisa 29, Arewa 12, Adamawa 10. Hanyar Mora zuwa Kusiri ta shafe su duka, da 'yan kasuwar da ke kai kaya Injamena. Amma a zaɓen 2020 jam'iyya mai mulki, RDPC, ta samu kujeru 152, kuma kafa rukuni a majalisa na buƙatar depitoci 15, abin da jam'iyyar UNDP mai kujeru 7 ba ta kai ba ita kaɗai. Don haka layin jam'iyya ya fi na yanki ƙarfi wajen ƙuri'a.

Kafin ku je wurinsa, ku fara tambaya a ofishin magajin gari ko hanyar taku ta ƙasa ce, ta jiha, ko ta ƙaramar hukuma, domin idan ta ƙaramar hukuma ce, kansiloli ne ke sa ta a kasafinsu. Idan ta ƙasa ce, ku rubuta masa takarda da sa hannun masu unguwa da shugabannin direbobi kafin zaman Yuni, ku nemi ya mayar da ita tambaya a rubuce, ya kuma ba ku kwafin amsar minista.