Amsa ga mai tambaya kan yara da bindiga a gida

'Yar'uwa, kin ce tun ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023 maigidanki ya ajiye bindiga a gidanku na Mai Wurno, hankalinki bai kwanta da yara ba. Tura ta ƙarƙashin katifa ba ɓuya ba ce, yaro ya fi ki sanin lungunan ɗaki. A kulle ta a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wurin daban. Ki tuna wa maigida, ko an zare gidan harsashi daga Kalash (wato bindigar AK-47), ɗaya kan rage a ciki.

Ni nawa yaran na haddatar musu: kar ka taɓa, ja baya, kira babba. Har da baƙon ƙarfen da za su tsinta a gona ko bakin kogi, don wani bam ne da bai fashe ba tukuna.