Tambaya da Amsa: Ya zan koya wa matasa tsara aiki tare da jama'a?

Tambaya: Salam Malam. Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta, an ce in horar da matasanmu yadda za su riƙa sa mutanen ƙauye cikin tsara ayyukan raya garinsu, amma da na fara lacca sai su hau hamma. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya laccar ce matsalar, ba yadda za a yi ki yi awa biyu ke kaɗai kina zuba kuma ki ce sauraron jama'a kike koyarwa. Kashe furojektan nan, ki kwashe su ku tafi ƙauye.

Robert Chambers na jami'ar Sussex a Ingila, wanda ya yayata wannan tsari a shekarun 1990, abin da yake yawan nanatawa shi ne a miƙa wa jama'a sandar nuni, baƙo ya koma gefe ya yi shiru. To shirun nan shi ne abin da ya fi yi wa ɗan boko wuya, shi za ki fi koyarwa.

Ku fara da taswira a ƙasa. Mutanen gari su zana garinsu da toka da tsakuwa, ga rijiya ga burtali ga inda ruwa ke kwanciya da damina, za ki ga har gardama ta kaure kan wace unguwa ce ta fi nisa da famfo, kuma a cikin gardamar bayanin yake. Haka Kamal Kar, wani masanin raya karkara ɗan Indiya, ya yi a Bangaladash wajajen 2000, mutane suka nuna wuraren da ake bahaya a fili, kunya ta sa suka haƙa masai da kansu. Sai kuma a ba kowa ƙwayar masara goma ya raba a kan matsalolin da suka fi damunsa.

Amma fa a kula, in a ƙofar dagaci aka zauna, shi da 'yan fadarsa ne za su cinye zancen. Mata a yi musu nasu zaman a cikin gida da mace 'yar'uwarsu, a leƙa rugar Fulani ma. Kada ku je ranar kasuwa ko lokacin noma, sannan ki ja musu kunne kada wani ya yi alkawarin borehol don a tafa masa.

In kun dawo da yamma ki tambayi kowannensu, a wurinka wa ya fi magana, kai ko su? Wanda ya ce shi ne, gobe ya sake komawa.