Kun Tambaya: Wai da gaske gwamnatin Kenya na biyan makiyaya kuɗin fari?

TAMBAYA: Slm Malam, dan Allah wai da gaske ne a Kenya in fari ya kashe wa mutum shanu gwamnati ce ke biyansa? Na ji ana ta maganar a majalisarmu, ni kuma abin ya tsaya min a rai dan bara da rani kawuna shanu huɗu ya rasa, wlh ko sannu babu wanda ya zo ya ce masa. Daga mai karatunku a Mubi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar wa kawu da mafi alheri. Maganar akwai ta, amma 'yan majalisarku sun ɗan ƙara mata gishiri. Ba kuɗin mushe ake biya ba, ana ba da kuɗin ne tun dabbar na tsaye da ƙafarta dan a sayo mata dusa da ruwa da magani kafin ta kwanta.

Shirin inshora ne, sunansa KLIP, wato shirin inshorar dabbobi na Kenya, an fara shi a 2015 a gundumomin Wajir da Turkana can arewacin ƙasar inda ruwa ke wuya, daga baya aka shigo da su Marsabit, Mandera, Isiolo da Tana River. A lokacin gwamnati ce ta riƙa zuba kuɗin inshorar a madadin gidajen da aka zaɓa, kowane gida na shanu biyar, in awaki ne ko tumaki goma ke tsayawa a saniya ɗaya.

Inda abin ya burge ni shi ne babu wani jami'i da zai zo ruga yana ƙirga gawa balle a ce sai ka ba shi na goro, tauraron ɗan adam ne ke ɗaukar hoton wuraren kiwo daga sama yana auna koren ciyawa, da zarar ya ga yankinku ya bushe ya wuce ƙa'ida shikenan sai kuɗi su faɗo ta M-Pesa, wato hanyar tura kuɗi ta waya a Kenya, ko ta banki. A Fabrairun 2017 da fari ya tsananta an fitar da kusan shilin miliyan 215 na kuɗin Kenya ga gidaje wajen dubu 12 a gundumomi shida. Ka raba da kanka, bai kai shilin dubu 18 kowane gida ba, ba zai sayo sabon garke ba, na riƙon rai ne kawai.

Kuma tauraron nan bai san ka ba fa. In ya ga yankinku da ɗan kore alhali naka shanun cuta ta kwashe su ko ɓarayi sun kora, ko sisi ba ka da shi.

A nan gida an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, amma irin wannan biya sai an san waye makiyayin, ina yake kiwo, wace lambar waya ce tasa. Tambayi kawu tukun, akwai inda aka taɓa rubuta sunansa da yawan shanunsa?