Na biya kuɗin haya sau biyu bisa kuskure a Glasgow: ina mafita?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Glasgow da ke Scotland. Na tura wa mai gidan da nake haya kuɗin wata ɗaya har sau biyu, ya kuma ƙi mayar mini da rarar, wai ai ba shi ya ce in tura ba. Shin zan iya neman diyyar cutarwa?

Amsa: Malama, dokar Scotland ta bambanta abubuwa biyu. Diyyar cutarwa tana buƙatar a nuna cewa wani ya yi ganganci ko sakaci har ya jawo miki asara, kamar yadda aka kafa a shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, wadda wata mata ta shigar kan cewa ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon citta a garin Paisley. Mai gidanki bai yi sakaci ba, don haka wannan ƙofar ba taki ba ce.

Abin da ya dace da ke shi ne ƙa'idar hana cin dukiyar wani ba tare da hujjar doka ba, wadda Scotland ta gada daga dokar Rumawa, kuma babbar kotun farar hula da ke Edinburgh ta fayyace ta a shari'ar Shilliday da Smith a 1998. Ba sai kin tabbatar da laifinsa ba. Ya isa ki nuna cewa kin biya bisa kuskure, kuma ya ƙaru da kuɗinki alhali babu yarjejeniyar da ta ba shi haƙƙin riƙe su. Hujjarsa ta "ba ni na ce ba" ba ta da nauyi.

Ki fara rubuta masa wasiƙa haɗe da bayanan banki. In ya ƙi, kada ki yi jinkirin kai ƙara, domin dokar Scotland ta 1973 kan wa'adin neman haƙƙi ta ƙayyade shekara 5 ga irin wannan haƙƙi.