Rijiyarmu na warin fetur, an ce wai bakteriya za su cinye shi

Tambaya: Salam malam. Ina da gareji a Garwa, maƙwabcina kuma yana saida zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a jarkoki. Yanzu ruwan rijiyar gidanmu ya fara warin fetur kuma yara na sha. Wani ya ce in bar shi kawai, akwai bakteriya a ƙasa masu cinye mai. Da gaske ne? Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, a daina shan ruwan nan yau ɗin nan.

Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Akwai bakteriya irin su Pseudomonas putida mai cin toluwin da benzin, sinadaran da ke cikin fetur, duk da ita ma guba ne gare ta don suna lalata mata fata. To sai ta taurara kitsen fatar, a fatar waje kuma tana da furotin kamar TodX, wata ƙofa mai maiƙo da sinadarin ke zamewa ta ciki, ga famfo irin TtgABC mai tofar da rarar in ta yi yawa. Abin da ya shiga sai ta farfasa shi da oksijin ta ci.

Oksijin ɗin nan shi ne abin da masu wannan magana ba sa gaya maka, kuma na gaji da jin ta, kullum sai na ga mai gareji ya tuttula baƙin mai a ƙasa ko ya zuba a masai wai don kashe wari da sauro, ka yi magana ya ce ai ƙasa na cinyewa. Can ƙasa inda ruwa yake oksijin kaɗan ne, da ya ƙare aikin sai ya koma na shekaru, man kuwa ba ya jira, yana bin ruwa har rijiyar maƙwabta. Ƙarafa irin dalma da ke cikin baƙin mai kuma babu bakteriyar da ke cinye su.

Kar kuma wani ya saida maka garin magani na zubawa a rijiya. Benzin yana jawo sankarar jini, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikurogiram 10 ne a litar ruwan sha (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), hanci ba ya jin wannan, ko warin ya tafi ba shaida ba ce. Tafasawa ma tururin za ku shaƙa a ɗaki.

Ku koma ruwan famfo, ka kai na rijiyar a gwada, ku zauna da maƙwabcin a ɗauke jarkokin nan daga kusa da ita. Naka baƙin man ka riƙa tara shi a duro mai murfi. Allah ya tsare yaran.