Amsa kan batun kafa sashen binciken tsofaffin kisan kai a Gombe

Malam, na ga tambayarka tun jiya, cewa ko zai yi amfani a ware wani sashe a 'yan sanda nan Gombe wanda ba shi da aiki sai bin diddigin kisan da aka rasa wanda ya yi. Yawancin masu amsa sun tsaya a kan "ai Najeriya ce". Ni aikin kotu na yi, ɓangaren rajista, har na yi ritaya, kuma fayilolin kisan kai da dama sun bi ta hannuna.

Ina goyon baya. Sai dai sashen nan ba zai kama ko mutum ɗaya ba muddin ba a gyara abin da ake yi a ranar da aka tsinci gawa ba, domin abin da aka adana a ranar shi kaɗai mai binciken zai tarar bayan shekara goma.

Ga yadda abin yake a wurinmu. Da asuba a ga mutum kwance a bakin lungu. Kafin a kira DPO jama'a sun cika wurin, wani ya kawo zani ya rufe, wani ya ɗaga wuƙar ya duba ya miƙa wa na kusa da shi, ta bi hannu goma. Matan gidan da ke kusa su fito da bokiti su wanke jinin saboda yara za su wuce makaranta. Duk da kyakkyawar niyya ake yi. Kafin azahar an yi masa sutura. Idan ɗan sanda ya ce a kai asibiti likita ya duba, sai dangi su ce kada a yanka musu ɗa, sun bar wa Allah. Ban ga laifin mai gaggawar jana'iza ba, addininmu ne ya koyar. Amma ga Asibitin Koyarwa na Tarayya a cikin gari, kuma ɗaukar hoton rauni da auna shi da rubuta rahoto ba ya cin yini. Malamanmu ne ya kamata su yi wa jama'a wannan bayani a kan mumbari, don maganar ɗan sanda ba ta shiga kunnen uban da aka kashe wa ɗa.

A Ingila an kashe wani matashi Stephen Lawrence a Landan a 1993, sai a 2012 kotu ta kama mutum biyu da laifin. Cikin abin da ya kama ɗayansu har da wani ɗigon jini a jikin rigarsa wanda ido ba ya gani. An ajiye rigar ne duk waɗannan shekaru, shi ya sa da ilimi ya ci gaba aka sami abin dubawa. Ni kuwa na taɓa karɓar kayan shaida a wata shari'a: riga ce an cusa ta da danshinta a baƙar leda, ta yi funfuna ta manne, takardar da aka liƙa mata gara ta cinye rabin lambar. Lauyan wanda ake tuhuma tambaya ɗaya ya yi, wa zai rantse cewa wannan ce rigar? Babu. Alhali ƙa'idar ba ta da tsada: tufa mai jini a shanya ta bushe, a sa a jakar takarda, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata.

Akwai kuma abin da masu amsa ba su taɓo ba. Da yawa daga cikin kisan da ake cewa ba a san wanda ya yi ba, unguwa ta sani. Duk wanda ya zauna a Gombe lokacin da 'yan kalare ke tashe, ko Bauchi lokacin sara-suka, ya san da rana tsaka ake sare mutum a gaban jama'a. A kama yaro, a kai shi kotun majistare, wadda ba ta da hurumin shari'ar kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Penal Code. Sai a tura shi gidan yari, fayil ya tafi Ma'aikatar Shari'a jiran shawarar lauyoyin gwamnati. Kafin a iso babbar kotu an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ba shi da kuɗin motar dawowa. A ɗage, a sake ɗagewa. Mai shaida da ke barin shagonsa yana zuwa ya gaji, ga abokan yaron suna wucewa ta ƙofar gidansa suna gaishe shi gaisuwar da ya san ma'anarta. Ranar da alƙali ya kori ƙarar, ba wanda zai ce bai yi daidai ba.

Manyan ma ba su tsira ba. An kashe ɗan jarida Dele Giwa a 1986, Bola Ige yana ministan shari'a na ƙasa a 2001, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a masallaci yana jan sallar asuba a Kano a 2007, Allah ya jiƙansa. Waɗannan ba ƙarancin jami'ai ne ya hana a hukunta waɗanda suka kashe su ba, kuma ba na tsammanin sashen da za a kafa a jiha zai taɓa irinsu.

Ka ce gwamna ya kafa. Ba shi da wannan iko. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 rundunar 'yan sanda ɗaya ya yarda da ita, ta tarayya. Kwamishinan 'Yan Sanda ne zai ware mutane daga CID na jiha, wato sashen binciken manyan laifuka, inda dama akwai ɓangaren kisan kai, sai dai sabon aiki kullum yana danne tsoho. Abin da gwamnatin jiha za ta iya shi ne gina ɗakin ajiyar kayan shaida na kirki, da biyan kuɗin gwajin DNA, da kuɗin motar shaidu, da ba sashen lauya daga Ma'aikatar Shari'a ya zauna da su tun daga farko.

Tsorona ɗaya: kada a ce "na musamman" a raba musu Hilux da bindigogi a ce su kawo sakamako. Mun ga inda SARS, sashen 'yan sanda na musamman kan fashi da makami, ta ƙare a Oktoban 2020. Wanda aka matsa wa ya rufe tsohon fayil zai kamo wani marar gata ya dake shi har ya amsa. Wannan aiki na masu haƙurin karatu ne, mutane kaɗan, har da tsofaffin masu bincike da suka yi ritaya, a kuma yi yarjejeniya ba za a ɗaga su ba sai bayan wasu shekaru. Aikinsu na farko su tattaro fayilolin da ke ƙasa tun daga 1996 da aka ƙirƙiro jihar, su ware waɗanda shaidunsu ke raye.

Idan kuma wani naka ne abin ya shafa shi ya sa ka tambaya, Allah ya ba ku haƙuri. Shari'ar kisa ba ta tsufa a doka. Ku sa lauya ya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda, a kai kwafi ga Kwamishinan Shari'a, ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin, ku kuma rubuta sunan jami'in da aka miƙa wa takardar.